Alkamar Kwarin Malari

Dakata, Kano.
10 ga Oktoba, 1987.

Zuwa ga ƙanwata Fanna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗan'uwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta yaran nan biyu, Uwaisu da Atika. Mu nan lafiya muke, in ban da gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna kowace safiya. Uwargida Hajiya Rakiya tana gaishe ki. Allah ya jiƙan Inuwa, ya kyauta namu zuwan.

Da gangan na jinkirta wannan wasiƙa har ki fita takaba, domin maganar da ke cikinta ba ta dace da zaman makoki ba. Kin san Inuwa ɗan baffana ne, kuma a yau babu namijin da ya girme ni a gidanmu. Saboda haka nauyin 'ya'yansa a wuyana yake. Tun da aikin koyarwa ya kai shi Malari, shekara goma sha tara ke nan, ban taɓa taka garinku ba, kuma wannan laifina ne. Amma na duba taswira, na kuma yi wa Bala tambayoyi, wato direban motar kanwa da zai miƙa miki wannan takarda. Ya ce daga Gashuwa zuwa wajenku ido ba ya ganin komai sai rairayi. Albashin Inuwa ya tsaya. Na yi tunani iyakar tunanina, ban ga abin da za ki ciyar da yara biyu da shi a tsakiyar rairayi ba.

Ga abin da na yanke. Yaran za su dawo Kano. Wani tsohon abokina a wata masaƙa da ke Sharada ya yi mini alkawarin ɗaukar Uwaisu koyon gyaran inji. Atika za ta ci gaba da karatunta a nan. Ke ma akwai ɗaki a gidana idan kina so. Ba zan tilasta miki barin danginki ba, amma dawowar yaran wajibi ce.

Ina jiran amsarki ta hannun Bala.

Yayanki,
Gwadabe.

*

Malari.

Zuwa ga Yaya Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku da ladabi, ina gaida Hajiya. Allah ya sauwaƙe ciwon gwiwa. Mu ma lafiya, sai kewar wanda ya tafi.

Takardarku ta iso ranar kasuwa. Na karanta ta sau uku, sannan na zagaya bayan ɗaki na yi kukana. Na san don alheri kuka yi. Amma ku yi mini izini in faɗi abin da Bala bai faɗa muku ba, don shi daga kan sitiyari yake kallon ƙasarmu.

Gaskiya ne garin a kan tudun rairayi yake. Sai dai a gindin tudun akwai kwari, dabino da goruba sun kewaye shi. A tsakiyarsa tafkin kanwa yake, inda Bala ke yin lodi. Tsakanin dabinon da tafkin kuwa baƙar ƙasa ce. A nan mahaifina ya yankar wa Inuwa gona shekarar da aka haifi Uwaisu. Albashi sabulu da kananzir yake saya mana, Yaya. Abincinmu daga wannan gona yake fitowa, kuma alkama ce ƙarfinta. Wadda ba mu ci ba mukan musanya ta da gero.

Inuwa ya bar mana iri cikin randa biyu, an gauraya da toka an liƙe baki da laka. Idan sanyi ya fara shigowa, sai mu tona ƙasa da hannu har gwiwar hannu, mu damƙo ta ƙasan. In ta dunƙule, ba ta ɗiga ba, ba ta kuma wargaje ba, ranar shuka ta yi. Da sungumi muke shukawa, rami mai zurfi. In ta tsiro sai mu farfasa saman ƙasar da fartanya, mu bar shi ya bushe ya zama mata murfi. Daga nan har girbi ba ma zuba mata ruwa ko ludayi ɗaya.

Roƙona guda ne. Ku ba ni girbi ɗaya. Idan rumbu bai samu abin da zai kai mu baɗi ba, ni da hannuna zan ɗora yaran a motar Bala, ba zan kuma ƙara cewa komai ba.

Ƙanwarku,
Fanna.

*

Dakata, Kano.
14 ga Nuwamba, 1987.

Zuwa ga ƙanwata Fanna,

Bayan sallama da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Gwiwar tana nan yadda take. Wasiƙarki ta zo babu kwanan wata a kanta. Ki riƙa sawa, domin in san tsawon lokacin da magana ta yi a hanya.

Na yarda da girbi ɗaya, saboda kin roƙa da hankali. Amma akwai kuskure a bayaninki wanda ba zan iya wuce shi ba. Shekara ashirin da shida na yi a ɗakin gwajin hatsi na kamfanin fulawa a Bompai kafin in yi ritaya. Alkamar ƙasashen Turawa ta ratsa hannuna tarago bayan tarago. Na je Kadawa sau huɗu, na tsaya a bakin kwalbati na ga yadda ake sakar wa alkama ruwan dam a kan ƙa'ida. A ƙasarmu alkama shukar rani ce, lokacin da sama ba ta zubar da ko ɗigo. Shukar da za ta yi wata huɗu a ƙasa babu ruwan sama, babu na ban ruwa, ba ta cikin littafin da na karanta. Ina kyautata zaton Inuwa yana ba ta ruwa ta wata hanya da ba ki lura ba.

Da na karanta wa Hajiya wannan sashe, sai ta ce, "Malam, kai kuwa ka taɓa shuka ko da albasa?" Na ce mata wannan ba ya cikin maganar da muke yi. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, manomin takarda."

Ki sani alkama ta zama abin tattali. Tun da gwamnati ta hana shigo da ita, injinan da na sani suna ruri dare da rana sai su yini shiru. Jiya na bi ta Bompai na tarar da leburori, mutanen Ringim da na Damagaram, zaune a gindin darbejiya suna jiran a kira su. Ba zan zuba ido a binne iri randa biyu a busasshiyar ƙasa ba.

Don haka na ba Bala ƙaramin injin ban ruwa, da tiyo, da fetur jarka biyu. Kowane kwana goma za a ba gonar ruwa, ya kwanta a kan ƙasa zurfin gaɓar yatsa biyu, da sassafe, ba da rana ba. Wannan sharaɗi ne, ba shawara ba.

Yayanki,
Gwadabe.

*

Dakata, Kano.
18 ga Janairu, 1988.

Zuwa ga ƙanwata Fanna,

Ina fatan lafiya ce ta kawo wannan shiru. Mu nan lafiya, Hajiya ta yi mura ta warke.

Yau kwana sittin da biyar da aika miki inji, ban ji ko ya isa ba. Na je inda ake sauke kanwa a Fagge sau uku, na je majemar Challawa inda Bala kan tsaya wurin ɗan'uwansa, babu wanda ya gan shi. Wannan takarda ta gidan waya na aiko ta, ta hannun hedimastan makarantarku. Bisa lissafina, zuwa yanzu an ba gonar ruwa sau shida. Ki sanar da ni tsayin shukar da launin ganyenta. Abokina na Sharada yana tambayata ko ya ba wani gurbin Uwaisu, na ce ya dakata.

Yayanki,
Gwadabe.

*

Malari.
9 ga Fabrairu, 1988.

Zuwa ga Yaya Malam,

Ina gaishe ku, ina gaida Hajiya da jiki. Ku gafarta mini shirun. Motar Bala ce ta karye a cikin rairayi bayan ya sauke mana injin, ta yi sati goma tana jiran wani ƙarfe daga Maiduguri. Takardarku ta gidan waya kuma shekaranjiya ta iso. Ga kwanan wata na sa.

Injin ya zo lafiya, mun gode. Ranar da Uwaisu ya tayar da shi har tsofaffi sun sauko daga tudu kallo.

Yaya, ban iya ɓoye muku ba. Na raba gonar kashi huɗu. Kashi ɗaya na bi umarninku a kai, babu ƙari babu ragi, kwana goma-goma, gaɓar yatsa biyu, da sassafe. Sauran ukun na bar su yadda Inuwa ke barinsu. Na saɓa muku, ku yafe mini.

Wani ɓangare na gonar ya mutu. Abin da ya wuce wannan bakina ba zai iya faɗa muku ba, hannuna ma ya ƙi rubutawa. Girbi zai kama a tsakiyar watan gobe. Ina roƙonku ku zo ku gani da idonku, sannan ku yanke hukunci.

Ƙanwarku,
Fanna.

*

Dakata, Kano.
22 ga Fabrairu, 1988.

Zuwa ga ƙanwata Fanna,

Bayan gaisuwa. Na fahimci abin da kika kasa rubutawa, kuma ba sai kin wahalar da kanki ba. Kashi uku cikin huɗu ya tafi. Ba zan ce na gargaɗe ki ba, ko da yake na gargaɗe ki. Mu gode wa Allah da kika bar wa injin kashi ɗaya, aƙalla za a mayar da iri.

Kashi ɗaya ba zai ciyar da mutum uku shekara ba. An share ɗakunan baya, Hajiya ta sa an yi musu farar ƙasa. Na tabbatar wa abokina cewa Uwaisu zai fara aiki ran ɗaya ga Afrilu. Zan biyo Bala ranar goma sha biyu ga Maris, in Allah ya yarda, mu dawo tare da yaran. Su haɗa kayansu.

Yayanki,
Gwadabe.

*

Dakata, Kano.
28 ga Maris, 1988.

Zuwa ga ƙanwata Fanna,

Assalamu alaikum. Na iso gida lafiya ranar Laraba, bayan kwana biyu a kan buhunan kanwa. Ina gaishe ki, da yaran, da wanki Abdullahi, da mai garinku Bulama, da duk wanda ya kawo mini ƙwaryar nono. Ranar da zan taho kin tsaya a bakin mota kina jira in yi magana, na ce zan rubuto. Ba don in ja miki rai ba ne. Na fi iya faɗin gaskiya da alƙalami ne.

Ki yi haƙuri in maimaita miki abin da aka yi a gabanki, domin ina so ya zauna a rubuce. Da safiyar da muka hau tudun nan na bayan gari, ina haki, ina dogara sanda, ina shirya kalmomin rarrashi da zan faɗa miki. Sai muka kai ƙoli. Fanna, shekarata sittin da bakwai, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Hagu rairayi, dama rairayi, har iyakar gani, babu ko tsinken ciyawa. A tsakiya kuma, can ƙasa, ga alkama ta nuna, ta yi ja-ja kamar an zuba zuma a faranti, iska na kwantar da ita tana tashi. Tun daga saman tudun nake jin sautinta, wani shuu mai taushi da ban san alkama na da shi ba. Ni a tarago na san ta, a mace. Ban san bakina na ta maimaita tasbihi ba sai da Abdullahi ya amsa.

Sannan na yi abin da har kabarina zan tuna. Na sauka, na tsaya a inda zangarniya ta fi cika, ta kawo mini ƙugu, na juya ga Bulama da mutanen da suka biyo mu na ce, "To, jama'a, kun ga aikin inji! Kun ga amfanin bin ƙa'ida!"

Bulama ya shiga gyaran rawaninsa. Ke kika sunkuyar da kai. Bala ne kaɗai ya kasa daurewa, ya ce, "Alhaji Malam, taka tana can gaba."

Abdullahi ya ja ni zuwa fegin da ke kusa da tafki. Ƙasar ta yi fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa, 'yan karare sun ƙone tun ba su kai taƙi ɗaya ba. Ga injina a gefe, an lulluɓe shi da tabarma cikin mutunci. Na ce, "Wane ruwa kuka ba ta?" Ya ce, "Malam, rijiyarmu mai daɗi ta gindin tudu, injinku kafin a gama alwala ya shanye ta. Ruwan da zai kwanta gaɓa biyu a fegi guda, sai na tafki." Na ce, "Ba ku san da kanwa a cikinsa ba?" Ya ce, "Mun sani mana. Ai da ita muke biyan haraji. Amma kun ce sharaɗi ne." Bulama ya ƙara da cewa ko da ruwan daɗin ne, in an saba wa alkama da sha daga sama, saiwarta ba ta sauka, rana kuma ta jawo kanwar ƙasa ta fito da ita fili.

Daga nan kika ce, "Yaya, ku kawo hannunku." Kika kai ni cikin taki gonar, kika share busasshen saman, kika ce in tona. Na durƙusa da gwiwar nan tawa, na tona. Taƙi ɗaya, ƙura. Na ci gaba. Da hannuna ya nutse zuwa gwiwar hannu sai na ji sanyi ya kama yatsuna. Na damƙo ƙasa, ta dunƙule a tafina. Wata shida rabon garinku da ruwan sama! Kika ce ruwan da ya sauka a kan tuddai tun damina bai tafi ko'ina ba, rairayi ne ya haɗiye shi ya ɓoye wa rana, yana kuma gangarowa kwarin ta ƙarƙashi, sannu-sannu, duk tsawon rani. Uwaisu ya haƙo mini gindi guda a hankali, na auna saiwar da hannuna, ta wuce kafaɗata. Ita ke bin ruwan tana sauka, yana janyewa tana biye da shi. Wato tuddan nan da na duba a taswira na ce babu komai a cikinsu, su ne randar da Allah ya cika ya rufe, ya aje muku. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara haka, bai kuma nemi shawarar ɗakin gwaji ba.

Kwana tara na yi ina kallon girbi. Maza a jere da lauje tun hantsi bai ɗaga ba, mata na bugu a kan daɓe, ke da Atika kuna shiƙa, ƙaiƙayi na tafiya gefe, ƙwaya na zuba kamar yayyafi. Na ɗebi kaɗan na ciza, yadda na saba yi kafin in yarda da abin da ma'auni ya nuna. Ta fashe da ƙara, cikinta garau kamar ƙaro. A shekaruna na Bompai, da irin wannan ta zo a tarago, da na kira manaja ya sauko ya gani. Na tsaya har aka cika rumbu, aka liƙe randunan iri biyu, aka fitar da zakka, ga kuma saura. Da kashi uku kacal.

Ga hukuncina. Yaran za su zauna tare da ke. Jiya na je Sharada na ba abokina haƙuri, ya ce, "Gwadabe, wata biyar kana hana ni sakat, yanzu ka ce yaron manomi ne?" Na ce manomi ne, ɗan manomiya. Abu ɗaya nake nema, kada karatun Atika ya tsaya, a kai ta makarantar kwana a Gashuwa, ɗawainiyar tana kaina. Kashin da ya mutu kuma ni na kashe shi, ki faɗa wa duk wanda ya tambaya. Na san kin sadaukar da shi ne don kada maganata ta faɗi ƙasa, kika kuma ƙi rubuta mini gaskiyar don kada in ji kunya. Na ji kunyar, ta kuma yi mini amfani.

Hajiya ta yi mana alkaki da wadda kika ba ni. Sai murmushi take ta yi, wanda ya fi magana ciwo.

Girbi na gani, ban ga shuka ba. Idan ba zan zame muku nauyi ba, ina so in zo.

Yayanki,
Gwadabe.

*

Malari.
11 ga Afrilu, 1988.

Zuwa ga Yaya Malam,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, muna shirin azumi. A gaida Hajiya.

Bala bai ko kashe mota ba na karɓe takardar. A tsaye na karanta ta, a bakin hanya. Da na kai inda kuka ce yaran za su zauna, sai na zauna a kan rairayi, mata suka taru suna tambaya ko rasuwa aka yi. Allah ya saka muku da alheri, ya raba ku da ciwon gwiwa. Maganar makarantar Atika na karɓa hannu biyu.

Ku zo, Yaya. Ku taho da zarar kun fara neman mayafi da asuba. Fegin da ya ƙone ba a fid da rai da shi ba. Bulama ya ce sai an kankare farin saman, a ɗebo rairayin tudu da takin awaki a zuba, a yi haƙuri shekara biyu ko uku. Mutanen gari sun riga sun sa masa suna Gonar Malam, don haka jinyarsa taku ce. Abdullahi ya ce zai ara muku jaki.

Da yamma na tara yaran na karanta musu. Uwaisu ya tashi ya fita, sai can na hango shi ya nufi kwari. Atika kuwa ta jawo ƙullin kayanta daga ƙarƙashin gado, ta kwance, ta mayar da kowane abu inda yake.

Ƙanwarku,
Fanna.